Tambaya da Amsa: plan daga Abijan, fili a Tawa, wa zai tsaya a kan ginin?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan gini suke, kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: mai son gina gida ya ɗauki arshitek, wato ƙwararren mai zana gini, na garin da filin yake, ko plan daga ko'ina ya isa in dai akwai magini? Mun ajiye wasiƙun gaban masu sana'ar, wato arshitek da injiniyan gini da mai kula da shantiye, wurin da ake aikin gini. Mun taƙaita wasu, mun kuma cire sunaye.

Assalamu alaikum. Ni mutumin Tawa ne, na daɗe ina bida a Abijan. Na sayi fili mai murabba'in mita 400 a gida. Wani mai zanen gidaje a nan ya yi mini plan na bene, mai manyan tagogin gilashi, ya kuma yi kyau ƙwarai a hoto. Ƙanena ya ce in aiko kawai a ba magini. Kawuna ya ce a nemi arshitek na gida tukuna. Wa zan bi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bi kawunka. Ba don mai zanen Abijan bai iya aikinsa ba, sai don gidan da ya zana maka gidan Abijan ne. Can ruwan sama ya wuce milimita 1,500 a shekara, iska na da laima, abin da ake nema shi ne iska ta ratsa gida ta ko'ina. Tawa kuwa ruwan shekara wajen milimita 350 zuwa 400 ne, zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu wata da watanni. Gidan Adar inuwa yake so, da bango mai kauri, da tagogi madaidaita waɗanda ke rufuwa ruf. Babbar tagar gilashi da ke kallon yamma, daga azahar zuwa magariba murhu ce. Kilim biyu, na'urorin sanyaya ɗaki, ba za su kashe wannan zafi ba, kuma ranar da aka ɗauke wuta falon ba ya zaunuwa.

Wanda ya san garin zai fara da juya gidan a kan filin. Dogayen ɓangarorin su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma, a sa ɗakin ajiya ko matakala ko makewayi a yamma su sha rana a madadin ɗakunan kwana. Akwai wani abu da plan ɗin ƙasashen Turai da Turkiyya ba ya lissafawa: a Tawa da Yamai rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta tana karkata arewa. Ke nan a watan Mayu, lokacin da zafi ya fi tsanani, bangon arewa ma yana shan rana, shi ma yana son baranda ko rufi mai fitowa. Hadarin damana kuma daga gabas yake tasowa da guguwa. Ƙofa ko tagar gabas da ba ta da kariya, ruwa zai riƙa shiga ta ƙarƙashinta duk shekara, rufin kwano da ba a ɗaure shi da ƙarfe cikin beton ba kuma ta wannan gefen iska ke ɗaga shi.

Sai zaman gidan kansa. Duba plan ɗin da kyau: baƙo namiji zai iya shiga falo, ya yi alwala, ya fita, ba tare da ya ratsa tsakar gida ba? Ina za a girka tukunyar suna ko ta biki, tunda madafar cikin gida ta gas ce kawai? Ina ragon layya zai kwana? Ina tankin ruwa zai zauna? Ina za a shimfiɗa tabarma a kwana waje a bazara? Makewayi fa, ya ba alƙibla gaba ko baya? Alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, kuma gyara wannan a takarda aikin minti biyar ne, bayan an binne bututu kuwa sai an fasa daɓe.

Duk wannan rabin amfanin ɗan gida ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi girma, ƙafarsa ce. Gini yana da ranakun da in aka rufe kuskure ba a sake ganinsa sai ranar da bango ya tsage, kuma hoto a WhatsApp ba ya nuna su. Ranar da aka ja igiya aka sa gidan a kan fili, dole a auna daga turakun iyaka na gaskiya, don mita ɗaya da aka ci a filin maƙwabci ko a hanya shari'a ce. Ranar da aka gama haƙa harsashi, kafin a zuba komai, a duba ƙasan ramin: ƙasa ce mai tauri ko cikon tsohon kududdufi da shara? Ranar da aka ɗaure ƙarfen ginshiƙai da shenaj, wannan ɗamarar beton da ke riƙe bango. Ranar jajibirin zuba dal, wato rufin beton, da ranar zubin kanta. Wanda yake Abijan ba zai zo waɗannan ranaku ba, ƙanenka kuma, Allah ya saka masa, zai tsaya a wurin amma bai san abin da zai duba ba.

Ga kaɗan daga abin da ake dubawa, don kai ma ka san abin da za ka tambaya ta waya. Beton na ginshiƙi da dal ana haɗa shi da siminti kilo 350 a kowane kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. A aikace, buhu ɗaya na tafiya da baro ɗaya na rairayi, baro biyu na tsakuwa, da ruwa wajen lita 25. Ginshiƙi mai faɗin santimita 20 a kan 20, tsayin mita 3, yana cin kilo 42, kusan buhu guda. In aka ce maka an zuba ginshiƙai 12 da buhu 6, to buhu 4 sun bi wata hanya, ko kuma an rage su don a faranta maka da araha. Yawan ruwa ma ɓarna ne: lebura na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma in ruwan ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari a ciki, ƙarfin beton ɗin ya ragu. Ƙarfe kuma a auna shi a sikeli, kar a yarda da sunan da mai shago ya kira shi. Sanda mai tsawon mita 12 ta ƙarfe 12 nauyinta wajen kilo 10.6 ne, ta ƙarfe 10 kilo 7.4, ta ƙarfe 8 kilo 4.7. Sa ƙarfe 10 inda lissafi ya ce 12 rage kusan kashi 30 cikin 100 ne na ƙarfen wurin, alhali a ido bambancin bai kai kaurin ashana ba. Sannan ƙarfen kada ya jingina da katakon zubi. A sa masa ƴan ƙananan guntayen siminti su ɗaga shi santimita 2.5 zuwa 3, a harsashi har 5, in ba haka ba laima za ta kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa beton daga ciki. Bayan zubi a shayar da shi safe da yamma kwana 7 aƙalla, a zafin bazara har sau uku, a lulluɓe da buhunan da aka jiƙa. Katakon ƙarƙashin dal kuma ya kwana 21 kafin a cire, ko da mai hayar katako yana ta kira.

Kada ka yar da plan ɗin Abijan, kuɗi ka biya. Ka miƙa shi ga arshitek na nan a matsayin bayanin abin da ranka ke so, ya daidaita shi da filin da rana da kayan da ake samu. Siminti ba matsala ba ne, Malbaza na cikin jihar. Amma gilashi mai wani girma na musamman ko tayil ɗin da babu irinsa a kasuwar Tawa, in guda ya fashe sai an jira mota daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500.

Mafi yawan ofisoshin arshitek a Yamai suke, wannan gaskiya ne. In ba ka samu wanda ke zaune a Tawa ba, ɗauki na Yamai, amma a rubuta cikin yarjejeniya sau nawa zai zo da kansa, a waɗanne ranaku, wa ke biyan kuɗin mota, kuma ya sa wani teknisiyen mazaunin Tawa da zai riƙa leƙa shantiye kullum. Abu na ƙarshe, Alhaji: hannu uku ne a gini, mai dubawa, mai ginawa, da mai riƙe kuɗi. Kada biyu su haɗu a jikin mutum ɗaya, ko da ɗan'uwa ne. Ƙanenka ya riƙe kuɗi, amma kada ya saki wani kaso sai mai dubawa ya sa hannu cewa aikin da ya gabata ya yi.

Ni ma'aikaciya ce a Yamai. An yi mini tayin fili a hayin kogi da araha sosai. Ƙawata ta ce in saya tukuna, maganar arshitek sai an tashi gini. Haka ne?

Hajiya, a juya maganar. Ziyarar da ta fi kowace araha, ta kuma fi kowace amfani, ita ce wadda ake yi kafin kuɗi su fita. Fili mai araha a Yamai sau da yawa yana da dalili, dalilin kuma ruwa ne ko takarda.

Ba duk hayin kogi ne ke cin ruwa ba, akwai tudu akwai kwari. Amma kowa ya tuna Satumbar 2020, lokacin da kogin Isa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, ganuwar kariya ta fashe, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ya kuma taɓa Saga a ɗaya gefen kogin. Ko nesa da kogi, unguwannin da ke bakin Gunti Yena da sauran hanyoyin ruwa na da tasu damuwar. Filin da kika gani a watan Maris busasshe ƙayau, a Agusta yana iya zama tafki. Wanda ya san gari yana karanta alamu: layin danshi da farin gishiri a gindin katangar maƙwabta, gidajen da aka ɗaga ƙofarsu da matakala uku ko huɗu, ƙasa mai tsagewa kamar ta fadama, rijiyar da ruwanta ke kusa. Zai kuma tambayi tsofaffin unguwa, waɗanda ba su da riba a cinikin.

Ruwan ƙasa da ke kusa yana canza lissafin gini gaba ɗaya. Harsashi zai ƙara faɗi, sai an sa abin hana laima hawa bango, ramin masai kuma ba zai tsotse ba, zai riƙa cika yana dawowa. Daɓen gida a ko'ina cikin Yamai ya kamata ya ɗara hanya da santimita 45 zuwa 60, don in aka zo aka yi titi da kanibo, wato magudanar ruwa, hanya hawa take yi, gidan da aka gina daidai da ita ya koma rami. A wuri mai kwari cikon da za a yi da jar ƙasa, ana daddaɓe shi santimita 20 bayan 20, yana iya cinye duk rangwamen da aka yi miki. In bene kike nufi, a gwada ƙasar. Akwai ɗakin gwajin ƙasa da kayan gini na gwamnati a Yamai, LNTPB, akwai kuma masu zaman kansu. Su za su faɗi nauyin da ƙasar ke iya ɗauka da zurfin da za a haƙa.

Ta fannin takarda, ki ga akt de sesiyon, wato takardar da hukuma ta ba da filin da ita, na asali, ba kwafi ba, mai lambar rukunin filaye (ilo) da lambar filin kansa (parsel). A je meri a tabbatar sunan mai sayarwa ne a rajista, don sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon labari ba ne. Mai awon filaye ya zo ya nuna turaku huɗu a ƙasa, a tabbatar ba hanya ba ce, ba filin da aka ware wa makaranta ko kasuwa ba, ba kuma cikin ɗamarar itatuwan da ta kewaye birnin ba. Takardar shaidar gona ta gargajiya ba daidai take da filin da aka yanka ba. A yi cinikin gaban noter, mai tabbatar da yarjejeniya a hukumance, daga baya ki nemi titir fonsiye, shi ne takardar da ta fi ƙarfi kuma shi banki ya fi yarda da shi. Izinin gini kuma, permi, a meri ake nema kafin a sa bulo ɗaya. Ana haɗa takardar fili, zanen da ke nuna inda filin yake, zanen yadda gidan ya zauna a cikinsa, zanen ɗakuna da fuskokin gida da na masai, da kiyasin kuɗi. Arshitek na gari ya san yadda ake son dosiyen, wannan kaɗai yana rage miki zirga-zirga.

Malamai, ku faɗa mana gaskiya: nawa ake biyansu? Mu masu ƙaramin ƙarfi muna jin tsoron ko shiga ofishin.

Malam, shiga ka tambaya, tambaya ba a biyanta. Hanya uku ake bi: kaso daga kuɗin ginin gaba ɗaya, ko dunƙulallen kuɗi da aka yanke tun farko, ko biyan kowace ziyara daban. Farashin yana bin girman aiki da abin da ka ɗora masa, shi ya sa kafin ka ce nawa, ka ce me da me. Zane kaɗai daban, zane da dosiyen permi daban, zane da permi da kula da shantiye har a miƙa makulli daban. Lissafin ƙarfe da beton aikin injiniya ne, ka tambaya ko yana cikin kuɗin ko a waje.

A ɗauka misali kun daidaita a kan kashi 5 cikin 100 na gidan miliyan 20. Miliyan ɗaya ke nan, kuma ba rana ɗaya ake biya ba: wani kaso in ya kawo zanen farko, wani in an gama cikakken plan da kiyasi, wani in permi ya fito, sauran a rarraba a kan watannin gini. Ka auna wannan da kuɗin fasa matakalar da aka gina ba daidai ba, ko sake dal mai yoyo.

In aljihu bai kai ba, abin da muke ba da shawara a saya ko ta halin ƙaƙa abu biyu ne. Na farko cikakken plan na gidan da kake mafarki, ko da ɗaki biyu za ka fara, don a san inda sauran za su zauna, a kuma yi harsashin da zai ɗauki bene in akwai niyyarsa. Yawancinmu a hankali muke gini, shekara biyar, shekara goma, kuma gidan da aka yi ta liƙa wa ɗaki ba tsari shi ne ke ƙarewa da ɗakin da ba taga. Na biyu takardar kiyasi mai adadi, debi, wadda ta faɗi buhu nawa, sandar ƙarfe nawa, bulo nawa. Bango mai murabba'in mita ɗaya yana cin bulo 12 da rabi na santimita 40 a kan 20. Da wannan takarda a hannu za ka iya ba magina uku su yi farashi a kan abu ɗaya, ka kwatanta. Ba tare da ita ba, wanda ya fi araha shi ne wanda ya fi mantuwa, kuma abin da ya manta kai za ka biya a tsakiyar aiki. A yarjejeniyar ɗan kwangila kuma a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har shekara guda bayan karɓar gida, damana ɗaya ta bi ta kansa tukuna.

Ni magini ne, shekara talatin ina wannan sana'a a Tawa. Iyayenmu sun gina gidaje da masallatai ba arshitek, suna nan tsaye. Yanzu yaro ya zo da takarda yana koya mini aiki. Ba cin fuska ba ne?

Baba, ranka ya daɗe, ba wanda zai raina maginan Adar. Masallacin Juma'a na Yama, wanda Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da itace, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, duniya ta zo kallo. A Dandaji ma, inda aka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo a 2018, arshitek Mariam Issoufou da abokiyar aikinta da maginan wurin suka yi aikin, ba a bayansu ba. Yaron da ya zo shantiye bai gaishe ka ba, bai tambaye ka halin ƙasar unguwar ba, bai gama koyon aikinsa ba.

Sai dai ginin ƙasa da azara, ilminsa a hannu yake, an gaje shi, kuma in zai gaza yana ba da alama. Beton mai ƙarfe ba haka yake ba. Ƙarfinsa a ɓoye yake, ido ba ya ganin ko sanda huɗu sun isa ko sai shida, kuma baranda mai fitowa da aka sa wa ƙarfe a ƙasa maimakon sama tana iya tsayawa shekara biyu lafiya lau, rana ɗaya ta sauko. A ganinmu, gida na ƙasa mai ɗaki biyu ko uku da rufin kwano, ƙwararren magini da zane mai sauƙi sun isa. Amma da zarar an ce dal, ko falon da faɗinsa ya wuce mita 4, ko bene, lissafi ya shigo, kuma takardar nan kariya ce gare ka: in mai gida ya matsa a rage ƙarfe, kana da abin nuna masa.

Ɗan yayata ya iya zana gida a kwamfuta, har da mota a ƙofa da fitilu. Bai isa ba? In kuma dole sai arshitek, ta yaya zan gane na gaskiya?

Hoton da ke da mota a ƙofa talla ce, Hajiya, ba a gini da shi. Plan na aiki yana da awo a kowane bango, yana nuna gidan a yanke daga rufi zuwa harsashi, da hanyar bututu da ta waya, da zanen ƙarfe. Yaron ya zauna da ke ku fitar da abin da kike so, wannan taimako ne babba, sannan a kai wa mai sa hannu.

Zama ɗan gari kuma ba shaida ba ce. Arshitek a Nijar suna da ƙungiyarsu ta doka, Ordre des Architectes du Niger, mai rajistar waɗanda aka yarda su yi aikin. Ki tambayi lambarsa, ki bincika. Da yawansu a EAMAU, makarantar koyon zanen gini ta Lome, suka yi karatu, wasu a Magrib ko Turai, amma takardar makaranta ba ta kai gidan da ya gina ba. Ki ce ya nuna miki biyu: wanda ake kan ginawa, da wanda ya shekara uku ko fiye. A tsohon ki je da la'asar, a kashe fanka, ki ji ɗakin. Ki ɗaga kai ki duba silin ko akwai tabon ruwa, ki duba kusurwar tagogi ko akwai tsaga, ki kuma keɓe da matar gidan ki tambaye ta ko yana ɗaukar waya bayan an gama biyansa. Wanda ya yi miki farashi bai taka filin ba, ko ya dage sai dai a sayi kaya a shago ɗaya tak, ki nemi wani.

An ce yanzu ana gina gidan zamani da tubalin ƙasa na inji. Yana da ƙarko? Kuma dal ya fi ko kwano?

Yana da ƙarko in an yi shi daidai, kuma a nan ne sanin gari ya fi amfani, don ba kowace ƙasa ke yi ba. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a haɗa da siminti wajen kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ɗan jiƙa, a matse a inji, a rufe da leda ya yi kwanaki yana shan laima, kada a gina da shi sai ya kusa wata guda. Ƙasar da yumɓunta ya yi yawa tsagewa take, wadda rairayi ya yi wa yawa kuma marmashewa. Gidajen da aka gina da shi a unguwar Yamai 2000 a 2016 suna nan ana iya gani. Bangonsa yana jinkirta zafi, ɗaki ya fi na bulon siminti mai rami sanyi da rana. Maƙiyinsa ruwa ne: a ɗora shi a kan gindin dutse ko beton da ya ɗaga daga ƙasa santimita 40 ko fiye, rufi ya fito ya kare shi, indararo kuma ya zubar nesa da bango. Kafin ka yanke shawara ka tabbatar akwai inji da maginan da suka taɓa aikin a garinku, don koyo a kan gidanka tsada gare shi.

Dal yana ba ka damar hawa bene da wurin shan iska, amma yana tara zafin yini ya sako shi da dare, shi ya sa mai dal tsirara ke kwana waje a Mayu. Maganinsa farin fenti mai kore rana, ko rumfar kwano a samansa da iska ke ratsawa tsakani. A ba shi gangara santimita 2 a kowace mita zuwa indararo, a yi masa abin hana yoyo tun farko. Kwano ya fi araha, yana saurin hucewa da dare, amma yana son sili, da tsayin ɗaki mita 3.2 zuwa 3.5, da ƙananan kafofi masu raga a gabas da yamma don zafin da ke tsakanin kwano da sili ya samu mafita. Kowanne ka zaɓa, a share indararo a watan Mayu kafin ruwan farko, don ƙurar hunturu da ledoji sun riga sun toshe shi.